ME YA SA TSOHON FIM ƊIN "CHORI CHORI" YA ƘI MUTUWA? NASIHA GA IYAYE DA MATASA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci zukata, Ya san abin da suke ɓoyewa da abin da suke bayyanawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da iyalansa da sahabbansa.

A shekarar 1956 aka fitar da wani fim na soyayya da barkwanci a ƙasar Indiya mai suna Chori Chori, ma'ana "a ɓoye". Kusan gaba ɗayansa baƙi da fari ne. Jarumar fim ɗin, Nargis, ta rasu a 1981. Jarumin, Raj Kapoor, ya rasu a 1988. Gidajen silima irin na wancan zamani da yawansu sun zama shaguna ko ɗakunan taro. Amma fim ɗin yana nan a YouTube, kuma labarinsa bai daina yawo ba. A nan ƙauyukanmu na arewacin Kano za ka samu tsohon da ya manta shekarar da ya yi auren fari, amma bai manta wannan labari ba. Jikansa kuma yana kallon labarin nan ɗin dai a waya, an canza masa suna da tufafi, an fassara shi da Hausa.

Na san wani zai ce: Malam, me ya haɗa liman da fim ɗin Indiya? Amsar ita ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya zauna a zukatan mutane kusan shekara 70, ya wuce kaka ya kama jika, dole mai wa'azi ya tsaya ya tambaya: wace ƙishirwa ce wannan abu yake kashewa? Wannan rubutu ba izini ba ne na a je a kalla. Akwai kiɗa da rawa da bayyana ado a ciki, kuma matsayin jamhurin malamai a kan waɗannan sananne ne. Abin da nake so mu duba shi ne ƙishirwar, saboda a gidajenmu take.

LABARIN A TAƘAICE

Kammo 'yar wani hamshaƙin attajiri ce, mahaifiyarta ta rasu. Ta kafe sai ta auri wani matuƙin jirgin sama mai suna Suman. Uban ya san mutumin, ya san mai neman mata ne kuma idonsa yana kan dukiya, don haka ya ƙi. Yarinya ta gudu. Uba ya ba da cigiya a jaridu, ya sa tukwicin rufi 125,000 ga duk wanda ya dawo da ita. A cikin motar haya ta haɗu da wani talakan ɗan jarida, Sagar. Ita 'yar gata ce mai girman kai, shi kuma mai baki ne, ba ya ragawa. Sun yi ta faɗa da gatse a hanya, kuma a nan dariyar fim ɗin take. Bayan kwana 4 ta koma gida, ta yi sanyi, ta koyi ladabi. Uba ya haƙura ya yarda da auren da take so tun farko. Ana shirin biki sai ga ɗan jaridar nan ya zo, ba don tukwici ba, sai don ɗan abin da ya kashe a hanya. A nan uban ya gane wane ne mutumin kirki, ya kuma gane inda zuciyar 'yarsa ta koma.

Indiyawa ma aro suka yi. Asalin labarin fim ɗin Amurka ne na 1934, It Happened One Night, wanda Frank Capra ya ba da umarni, ya ci manyan lambobin Oscar guda 5. A cikinsa tukwicin dala 10,000 ne, saurayin ya ce dala 39 da santi 60 kawai yake bi. A cikinsa ne kuma, da dare ya yi musu a masauki, saurayin ya ɗaura igiya ya rataya bargo tsakanin gadonsa da nata. A 1953 aka yi Roman Holiday, inda gimbiya ta sulale daga fada ta haɗu da ɗan jarida, shi kuma a ƙarshe ya rufa mata asiri ya ƙi sayar da labarinta. A 1991 Indiyawa suka sake maimaita labarin Chori Chori da Aamir Khan a Dil Hai Ke Manta Nahin, wanda 'yan zamanin kaset ɗin bidiyo sun san shi. Kun ga ke nan harshe yana canzawa, ƙasa tana canzawa, labarin bai canza ba.

YADDA ABIN YA ISO MANA

An buɗe silimar Rex a Sabon Garin Kano a 1937. A ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu, Allah Ya jiƙan Musulmin cikinsu. Jama'a da yawa sun ɗauki abin a matsayin ishara. Duk da haka a 1952 aka buɗe Palace a Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, a cikin ganuwa. Daga baya ga Plaza da Wapa a Fagge, ga Orion a Ƙofar Wambai, ga Queens da El Dorado. A shekarun 1950 ne Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanan masu gidajen silima, suka fara shigo da finafinan Indiya, kuma ba a daɗe ba suka doke na Turawa a wajen Bahaushe. Dalilin a fili yake. Matan suna yafa mayafi, maza suna sa doguwar riga da rawani, ana durƙusa wa iyaye, ana rigima a kan auren dole da tazarar mai kuɗi da talaka, ga kalmomi irin su duniya da muhabba da suka zo musu daga Larabci kamar yadda suka zo mana.

Da talbijin ta zo, abin ya shiga har ɗakin matan kulle. Binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna tashar NTA Kano kaɗai ta nuna finafinan Indiya sama da 1,000 tsakanin 1977 da 2003. Kanawa suka raɗa wa jarumai suna: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Wannan Sanjay ɗin ɗan Nargis ne, jarumar Chori Chori. Har wasu masu bege da bandiri suka riƙa aron karin waƙoƙin Indiya. Sai littattafan soyayya suka biyo, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, wanda shi ma labarin 'yar masu kuɗi ne da ta so talaka. Sai finafinan Hausa, daga Turmin Danya a 1990. An kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 har an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a. Yau kuwa ko Kano ba sai an shiga ba. A gindin darbejiyar kasuwar ƙauye akwai mai cajin waya, ka ba shi 'yan kuɗi ya cika maka memori.

Lissafa da kyau, ɗan uwa. An yi gobara, an yi wa'azi, an yi doka, an ƙona takarda, kuma malaman da suka yi gargaɗi sun yi aikinsu, Allah Ya saka musu. Amma mutane ba su daina ba. Mu manoma mun san in aka rufe rijiya da kwaɗo, mai ƙishirwa kududdufi zai nufa, ko ka yi ta faɗa masa akwai tsutsa a ciki. Ni a ganina ƙishirwa uku ce ta riƙe wannan fim, kuma duk ukun Musulunci ya haƙa mana rijiyarsu tun fiye da shekara 1,400. Mu ne muka rufe.

ƘISHIRWA TA FARKO: A TAMBAYI YARINYA

Abin da ke sa 'yan mata son irin wannan labari shi ne a ƙarshe uba ya zauna ya saurari zuciyar 'yarsa. To wannan ai sunna ce. Bukhari ya ruwaito cewa mahaifin Khansa'u bint Khizam ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba, ta kai ƙara wajen Annabi (SAW), ya warware auren. Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin a nemi izinin budurwa, kuma shirunta shi ne yardarta. Abu Dawud da Ibn Majah sun kawo labarin budurwar da ta yi irin wannan ƙara, aka ba ta zaɓi. Ga kuma Barira, wadda bayan an 'yanta ta ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis. Yana bin ta a titunan Madina hawaye na jiƙa gemunsa. Annabi (SAW) da kansa ya sa baki ko za ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya nuna mata ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙata. Ba wanda ya tilasta ta.

Na san abin da za a ce: a mazhabarmu ta Malikiyya uba yana da ikon ijbari a kan 'yarsa budurwa, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambaci haka. Gaskiya ne, ba na musu. Amma malaman mazhabar sun so uba ya yi shawara da ita, kuma an ba shi wannan iko ne saboda ana kyautata zaton ya fi kowa tausayinta. Ba a ba shi don ya biya bashin taki da ita ba, ko don ya riƙe gonar gado a cikin dangi, ko don ya cika alkawarin da ya yi wa abokinsa tun tana goye. Hanafiyya ba su yarda a tilasta wa baliga ba, kuma Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun rinjayar da hakan. Sannan yarinyar da ta ce a'a da bakinta, ko ta gudu gidan gwaggonta sau biyu, ba a kiran wannan shiru.

A yankinmu gona tana liƙe da gona, gida yana kallon gida. Ba a barin fili ya huta, duk shekara sai an zuba taki an shuka gero da dawa da gyaɗa da wake. Kowa ɗan uwan kowa ne. Auren da aka ƙulla bisa tilas, in ya watse, ba mutum biyu kaɗai yake rabawa ba. Wa da ƙane su daina gaisawa, a daina zuwa wa juna gayya, a koma rigima a kan iyakar gona. Na ga wannan da idona fiye da sau ɗaya, kuma sulhunsa ya fi ɗaurin auren wuya nesa ba kusa ba.

Amma ku matasa kada ku yi saurin tafi. Ku lura, a fim ɗin nan da kuke so, uban ne ya yi gaskiya a kan matuƙin jirgi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Da yarinyar ta samu abin da ta kafe a kai tun farko, da ta faɗa hannun mayaudari. Shi ya sa shari'a ta sa waliyyi, kuma hadisin A'isha (RA) a Abu Dawud da Tirmizi ya nuna auren da babu waliyyi ɓatacce ne. Shari'ar nan dai ta hana waliyyi ya toshe mace daga mijin da ya dace, kamar yadda aya ta 232 a Suratul Baƙara ta sauka a kan Ma'aƙil bin Yasar da 'yar uwarsa. Ido na uba, zuciya ta 'ya, in aka rasa ɗaya aure yana ɗingishi.

ƘISHIRWA TA BIYU: NAMIJI MAI AMANA

Akwai wani dattijo a garinmu, ya haura 80. A ƙuruciyarsa yana cikin masu kai itace da hatsi birni a kan jaki, su dawo da taki a mangala. Wani lokaci dare yakan yi musu su kwana a Fagge, a nan ya san silima. Wata rana bayan la'asar hira ta kawo mu kan finafinan da, na ce: "Baba, ku da ba kwa jin Indiyanci, me kuke tsinta a ciki?" Ya yi dariya ya ce: "Liman, ɗana, ai mutunci ba ya buƙatar tafinta. Yaron nan yarinya tana hannunsa, ba uwa ba uba, bai taɓa ta ba. Kuɗi suna gabansa, bai ɗauka ba. Mu abin da muka gani ke nan."

Wallahi maganar nan ta fi dogon sharhi. Mace tana neman namijin da za ta amince masa a lokacin da take da rauni, uba kuma yana neman surukin da ba lissafin buhunansa yake yi ba. To buɗe Suratul Ƙasas, daga aya ta 23 zuwa ta 28. Annabi Musa (AS) ya iso Madyana yana baƙo, ba guzuri, ba dangi. Ya tarar da mata biyu sun ja gefe da dabbobinsu saboda cunkoson maza a bakin ruwa. Ya shayar musu, bai nemi ko sisi ba, ya koma inuwa yana roƙon Ubangijinsa. Ɗayarsu ta dawo kiransa tana tafiya cikin kunya. Malaman tafsiri irin su Ɗabari da Ibn Kasir sun kawo cewa ya nemi ta bi bayansa tana nuna masa hanya, don kada idonsa ya sauka a kanta. Da suka isa, ita ce ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki, ta siffanta shi da ƙarfi da amana. Dattijon ya fahimci 'yarsa ba tare da ta faɗi abin da kunya ta hana ba, shi da kansa ya yi tayin aure, a kan kiwon shekara 8 ko 10.

Duba da kyau: ga baƙo talaka, ga taimako ba lada, ga yarinya mai zaɓi, ga uba mai fahimta. Duk abin da masu fim suka yi ta juyawa tun 1934 yana nan, kuma ba gudu daga gida, ba kwana a masauki, ba buƙatar bargo a kan igiya. Muna karanta surar nan a tafsirin azumi duk shekara, amma sau nawa muka karantar da ita a matsayin darasin neman aure?

Kai saurayi, tambayi kanka tsakaninka da Allah. Yarinyar da take amsa maka saƙo a WhatsApp tsakar dare, ta amince maka, me kake nema a wajenta? Hoton da ta tura maka, ina ya tafi? Ka ji daɗin jarumin da ya ƙi karɓar tukwici, amma kai kana tambayar kayan ɗaki nawa za a kawo da buhu nawa za a yi gara. Amana ba a allon waya take ba, a inda ba mai ganinka sai Allah ake gane ta.

ƘISHIRWA TA UKU: DARIYA A CIKIN GIDA

Wannan ita ce wadda ba mu cika magana a kanta ba. Fim ɗin barkwanci ne. Mutane suna son ganin namiji da mace suna zolayar juna, suna gardama mai daɗi, suna dariya tare. Lokacin da nake karatu a Alƙahira na ga yadda Misrawa suke riƙe da tsofaffin finafinansu na Isma'il Yasin da Fatin Hamama, har da tashoshin da ba abin da suke nunawa sai su. Ɗan Adam ko'ina yake yana son raha.

Mu Hausawa ai gwanayen wasa ne. Muna da wasan taubasai, da wasan jika da kaka, da na Kanawa da Zagezagi, da na Fulani da Barebari. A dandali mutum shi ne mai ba kowa dariya. Amma da ya sa ƙafa a zauren gidansa sai ya ɗaure fuska kamar ya zo karɓar haraji. Ya ci tuwo a waje da abokai, ya yi hira har dare, ya shiga ya kwanta. Da rani ya tafi ci-rani Legas ko Abuja wata 5, in ya kira waya maganar ba ta wuce "hatsi ya ƙare?" da "an ba akuya ruwa?" Sannan ya yi mamakin matarsa tana rungume da waya tana murmushi ga labarin wasu.

Wai a ce wannan kunya ce ko kwarjini. To wa ya fi Annabi (SAW) kunya da kwarjini? Abu Dawud ya ruwaito ya yi tsere da A'isha (RA) sau biyu, na farko ta wuce shi, na biyu ya wuce ta ya tuna mata ramuwa ce. Ya tsaya ta leƙo ta bayansa tana kallon Habashawa suna wasa da masu a masallaci har sai da ta gaji don kanta. Ya zauna ya saurari dogon labarin mata 11 da ke cikin hadisin Ummu Zar'in, bai ce mata yana da aiki ba. Da Jabir (RA) ya yi aure, cikin abin da Annabi (SAW) ya ambata masa har da wasa da dariya tsakanin miji da mata. Aya ta 21 a Suratur Rum ta sa natsuwa da soyayya da jinƙai tsakanin ma'aurata cikin ayoyin Allah. Kuma manyan malamai ba su ji nauyin rubutu a kan so ba: Ibn Hazm na Andalus ya rubuta Ɗauƙul Hamama, Ibnul Ƙayyim ya rubuta Raudatul Muhibbin. Ɗaure wa iyali fuska al'ada ce, kada a jingina wa sunna.

INDA FIM ƊIN YA YI ƘARYA

Na ce kududdufi ne, to ga tsutsotsin. Na ɗaya, ya ƙawata gudu daga gida. A fim marubuci ne yake zaɓar wanda yarinya za ta haɗu da shi a mota. A rayuwa, yarinyar da ta bar ƙauyensu a ƙasar Bichi ko Ɗambatta ta sauka a tashar Ƙofar Ruwa da magariba ba kowa nata, ba Sagar ne yake jiran ta ba. Ke 'yata, in an matsa miki, akwai gwaggo, akwai kawu, akwai liman da mai unguwa da dagaci, akwai Hisba, akwai kotun shari'a. Ki bi waɗannan ƙofofin.

Na biyu, ya nuna kamar keɓewar namiji da mace ba komai ba ne muddin niyya tana da kyau. Annabi (SAW) ya hana keɓewa, kuma ya gaya mana wane ne na ukunsu. Shari'a ba ta gina kariya a kan bargo ba, ta ce kada ma a shiga ɗakin. Na uku, finafinan Indiya da yawa suna ɗauke da bautar gumaka da addu'o'in shirka a cikin waƙa, yaro yana rerawa bai san me yake faɗa ba. Wannan ya fi komai haɗari.

Na huɗu, fim yana ƙarewa a daidai inda aure yake farawa. Ba a nuna maka shekarar da damina ta yi gardama, rumbu ya yi ƙasa tun kafin bazara, yaro yana zazzaɓi, uwar miji tana ƙorafi. Hatta Raj Kapoor da Nargis da duniya ta ɗauke su alamar soyayya, ba su auri juna ba. Chori Chori ne fim na ƙarshe da suka fito a matsayin masoya, ita kuma ta auri Sunil Dutt a 1958. In kana neman son da ya daɗe, duba Annabi (SAW) da Khadija (RA). Bayan rasuwarta da shekaru yana yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Bayan yaƙin Badar, da 'yarsa Zainab ta aiko da sarƙar mahaifiyarta don fansar mijinta, da ya ga sarƙar tausayi mai tsanani ya kama shi. Wannan so ne da ya ci talauci da ƙaurace wa da mutuwa, ba na kwana 4 a mota ba.

TO ME ZA MU YI?

Ya kai uba, kafin ka karɓi kuɗin gaisuwa, ka sa mahaifiyarta ko gwaggonta ta tambaye ta a keɓe, kuma a kawo maka amsar yadda take. In ka ƙi wanda ta kawo, ka zaunar da ita ka faɗa mata dalili. "Na ce a'a" kawai ba ya fitar da so daga zuciya, sai dai ya mayar da shi ɓoye. In kuma yaron yana da addini da hali da sana'a, ko facin taya yake yi, kada talaucinsa ya zama laifinsa. A rage nauyin lefe da gara. Gwamnatin Kano ta hannun Hisba ta fara auren zawarawa a 2012, a 2023 ta aurar da mutum 1,800 maza da 1,800 mata a lokaci ɗaya. Aikin alheri ne, amma yana nuna mana yadda tsada da yawan saki suka kai, kuma gwamnati ba za ta iya shiga kowane gida ta gyara zama ba.

Ya kai saurayi, ka bi ta ƙofa. Ka gan ta, domin Annabi (SAW) ya umarci Mugira bin Shu'uba ya kalli wadda zai aura don zama ya ɗore. Ka yi zance a zaure da sanin iyaye. In ba ka shirya ba, kada ka ɗaure 'yar mutane da alkawari.

Ya kai maigida, yau ɗin nan bayan isha'i ka rage hirar dandali. Ka shiga da sallama da sakin fuska, ka ci abinci tare da iyalinka ko sau ɗaya a mako, ka yaba miyar, ka ba ta labarin kasuwa, ka bar ta ta ba ka nata. Girmanka ba zai ragu ba. Ke ma uwargida, in ya fara, kada ki ce "yau kuma lafiya?" ki kashe masa gwiwa.

Mu kuma limamai, kafin mu shafa fatiha mu riƙa tambayar waliyyi: an tambaye ta? Wa ya tambaye ta? Ni dai na mayar da wannan ƙa'ida a masallacinmu. Wasu sun ji haushi da farko, yanzu an saba. Kuma in mun hau mumbari muna hana kududdufi, mu haɗa da nuna rijiya. Mu karantar da labarin Madyana, da na Barira, da tseren A'isha, da sarƙar Khadija, yadda yara za su san addininsu bai jahilci zuciya ba.

Allah Ya gyara mana zukatanmu da gidajenmu. Allah Ya ba 'ya'yanmu mata mazaje masu amana, Ya ba 'ya'yanmu maza mata nagari. Waɗanda suke cikin auren ƙunci Allah Ya kawo musu mafita ta alheri. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu cika da imani. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuh.